Mota ba isansi: yadda ake mayar da tsohuwar mota ta koma ta lantarki

A bayan garaji-garaji na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai tsofaffin motoci a yashe. Wata kat-san-kat ce, wata Renault, wata Toyota. Tayoyinsu sun nutse cikin rairayi. In aka tambayi makanisiye mi ya kashe su, galibi amsa ɗaya ce: inji ya buga, kuma kuɗin gyara sun fi kuɗin motar. Amma ƙarfen jikin yana nan da ƙarfinsa. Ƙofofi na rufuwa, sitiyari na juyawa.

A wasu ƙasashe akwai mutane masu neman irin waɗannan motoci. Sukan sayi motar da arha, su cire mataccen injin, su sa mata batir da moter na lantarki. Sai ta tashi tana tafiya, ba isansi, ba gazuwal, ba hayaƙi. Mafi yawansu ba sana'arsu ba ce. Wani malamin lakkwal ne, wani ma'aikaci ne da ya huta. Aikin sha'awa ne, kamar na mai kiwon doki ko mai kiwon tantabaru. Sukan yi shi da marece da ranakun hutu, wani cikin wata 6, wani cikin shekara 2.

Labarin ya fara isowa kusa da nan. Saboda haka ya kamata manoma da makiyaya su san yadda abin yake, da amfaninsa, da iyakarsa, tun kafin wani ya zo ya karɓi kuɗinsu da daɗin baki.

Daga ina abin ya fito?

Motar lantarki ba sabon abu ba ce. A shekarar 1899, kusa da birnin Paris na Faransa, wani ɗan ƙasar Beljik mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa mota ta farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa. Da batir ta yi wannan gudu. Bayan haka ne motar isansi ta yi arha ta cika duniya, domin tankin mai ya fi batir nisan zango. Aka manta da ta lantarki shekaru da yawa.

Masu sha'awa ne suka riƙe abin bai ɓace ba. A shekarar 1967 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya a jihar Kalifoniya ta Amurka, suna koya wa juna aikin. A 1973, lokacin da ƙasar nan ke fama da babban fari, su kuma ƙasashen Turawa suka shiga wahalar mai. Cikin ƴan watanni kuɗin ɗanyen mai suka ninka kusan sau 4. Mutane suka yi dogon layi a gidajen mai. Nan ne mutane da yawa suka shiga ɗakin ajiye motarsu da sifana a hannu, suka fara cire inji.

Mi ake cirewa, mi ake sawa?

Cikin wannan bayani, inji shi ne mai shan mai. Moter shi ne mai cin wutar lantarki, irin wanda ke cikin famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, sai dai na mota ya fi shi girma nesa.

Aikin farko shi ne fitar da kaya. Ana cire inji da tankin mai. Ana cire bututun hayaƙi, da radiyato mai sanyaya inji da ruwa, da karburato, da buji. Duk waɗannan ba su da sauran aiki. Abin da ake bari shi ne jikin mota, da tayoyi, da birki, da sitiyari, da fitilu, da akwatin giya.

Sa'an nan a kawo sabbin kaya. Manyansu 4 ne.

Na 1, moter. Girmansa bai wuce na babban tulu ba. Shi ke juya tayoyi.

Na 2, batura. Su ne rumbun motar. Abin da aka zuba musu, shi kaɗai za a ci.

Na 3, wani akwati mai daidaita wuta. Shi ne linzamin motar. In direba ya taka totur kaɗan, ya saki wuta kaɗan. In ya taka da ƙarfi, ya saki da yawa. In babu shi, motar za ta zabura gaba ɗaya kamar dokin da ya tsinke.

Na 4, abin cajin batir, wanda ake jonawa da wutar gida.

Akwai kuma ƙananan kaya da ba a raina su: manyan wayoyi masu kaurin ɗan yatsa, da fis mai yanke wuta in ta yi yawa, da babban makunni kusa da hannun direba don kashe komi nan take.

Wurin da ya fi wuya shi ne haɗa moter da akwatin giya. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, bakinsu bai dace da juna ba. Dole a yanka farantin ƙarfe mai kauri a huda shi daidai, ya shiga tsakaninsu. In tsakiyar moter ta kauce wa tsakiyar akwatin giya ko da kaurin farce ne, motar za ta riƙa rawa, kuma ba za a daɗe ba wani ƙarfe zai karye. Wannan aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, ba na guduma ba.

In an gama, tuƙin yana da sauƙi. Moter ba ya mutuwa in an tsaya, ba ya neman a tura shi da safe. Yana da ƙarfin tashi tun daga tsaye. Direbobi da yawa sukan sa giya ta 2 ko ta 3 su wuni a kanta. Ba juyen mai, ba wanke karburato, ba sayen buji.

Abokai biyu da injin ɗaukar kaya

Ga misalin abin da haƙuri ke yi. Tsakanin 2006 da 2007, wasu abokai biyu a ƙasar Kanada suka yi niyyar yin motar lantarki da kuɗi kaɗan. Suka sayi tsofaffin ƙananan motoci biyu masu kama da juna, suka haɗa mai kyau ɗaya daga cikinsu. Suka sayi tsohon injin ɗaukar kaya mai aiki da batir, irin mai ƙaho biyu a gaba da ke ɗaga buhuna a manyan mangaza. Suka cire moter da wayoyi daga jikinsa. Sauran ƙarfen suka sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo. Injin motar da tankin mai su ma suka sayar. Batura kuwa tsofaffi suka samu, waɗanda suka riga suka yi aiki a wani wuri.

Da suka yi lissafi, abin da ya fita daga aljihunsu dala 672 ne na Kanada, wajen jika 300 na sefa a lokacin. Motar ta samu takardun hawa hanya. Amma ga gaskiyar da su kansu ba su ɓoye ba: ba ta da gudu, ba ta da nisa. Ta cikin gari ce, a je kasuwa a komo. Sun samu abin da suka nema, domin tun farko sun san iyakar abin da suke nema.

Lissafin batir

Nan ne zancen yake. Moter ba shi da wuyar samu, kuma yana daɗewa. Batir shi ne mai cin kuɗi, shi ne mai nauyi, shi ne mai mutuwa da wuri. Duk wanda ya iya ƙidaya zai iya bin wannan lissafi.

Yadda ake awon gero da tiya, haka ake awon wutar lantarki da kilowat. Shi ne lambar da ke juyawa a agogon wuta da NIGELEC ke maƙalawa a bangon gida. Ƙaramar mota a kan hanya mai kwalta tana cin wajen kilowat 15 a tafiyar kilomita 100.

Babban batir na dalma, mai bolt 12, wanda aka rubuta 100 Ah a jikinsa, yana ɗauke da kilowat 1 da ɗan ɗori. Nauyinsa wajen kilo 30 ne. Amma ba a shanye shi duka. In ana kwashe shi har ƙasa kullum, ba zai yi rai ba. Rabi ake ci, a bar rabi. Wannan rabin yana kai mota wajen kilomita 4.

Ke nan batir 10 za su ba da wajen kilomita 40. Nauyinsu kilo 300, daidai da buhu 3 na gero, kuma motar na ɗauke da su ko ina ta je. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne. Za ta je ta komo, da ƙyar. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kuwa ya fi kilomita 200. Wannan ba tafiyarta ba ce. In hanyar ta rairayi ce, ko an yi wa motar lodi, nisan zai ragu ƙwarai.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata a riƙe. Na farko, batir na tada mota ba shi ne na wannan aiki ba. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, ba don ya ja kaya awa guda ba. In aka sa shi, cikin ƴan watanni zai mutu. Wanda ake nema shi ne mai jure kwashewa, irin na masu pano. Na biyu, zafi maƙiyin batir ne. Masana sun auna: in zafin wuri ya ƙaru da digiri 10 a kan digiri 25, kwanakin batir na dalma suna raguwa da wajen rabi. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Tawa ya san abin da wannan ke nufi.

Yanzu akwai wani irin batir, na lityom, ɗan uwan wanda ke cikin wayar salula. Ya fi na dalma sauƙin nauyi, ya fi shi daɗewa, kuma ana iya cin mafi yawan abin da ke cikinsa. Motar Nissan Leaf da ta fito a 2010 tana da batir na lityom mai kilowat 24, nauyinsa wajen kilo 300. Nauyi ɗaya ke nan da batir 10 na dalma, amma yana kai ta fiye da kilomita 100. Masu wannan aiki a Amurka da Turai yau sukan sayi irin wannan batir daga motocin da suka yi hatsari, su sa a tsohuwar motarsu. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin batir na lityom sun faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Duk da haka shi ne abu mafi tsada a cikin motar. Kuma ba ya aiki sai da wani ƙaramin akwati mai gadinsa, mai hana shi cika fiye da kima ko ƙarewa fiye da kima.

To, riba fa? Ƙaramar motar isansi tana shan wajen litir 7 a kilomita 100. Mai yin kilomita 40 kullum yana shan kusan litir 3. In ya yi aiki kwana 300 a shekara, litir 840 ke nan. Kowa ya san kuɗin litir a garinsu, sai ya ninka. Daga abin da ya samu sai ya cire kuɗin wutar caji, ya cire kuɗin sabbin batura da zai saya in tsofaffin sun gaji. Abin da ya rage shi ne ribarsa. Mai tafiya kullum yana iya samu. Wanda motarsa ke fita sau ɗaya a mako ba zai mayar da kuɗinsa ba.

Rana fa, ba ta isa ba?

Mutane da yawa na cewa: ga rana kyauta, a ɗora pano a kan rufin mota, ta yi ta tafiya. Lissafi bai yarda ba. Babban pano mai wat 300, a ranar ƙasar nan, yana ba da wajen kilowat 1 da rabi daga safe zuwa marece. Wannan tafiyar kilomita 10 ce. Rufin ƙaramar mota ba ya ɗaukar fiye da pano 1 ko 2. Wanda ke son kilomita 40 kullum yana bukatar pano 4 ko 5. Wurinsu shi ne kan rumfa a gida, motar ta zo ta tsaya ƙarƙashi ta sha.

Mai wutar NIGELEC a gida yana iya jona motar da dare, kafin asuba ta cika. Wanda zai tada janareto mai shan isansi don ya yi cajin batir kuwa, an gudu ne ba a tsira ba.

A yi hattara kuma da mai cewa zai ɗaura dinamo a taya, motar ta riƙa cika batir ɗinta tana tafiya har abada. Wannan ba ya yiwuwa. Ƙarfin da dinamo zai ɗauka daga taya ya fi wanda zai mayar wa batir. Ba a cika rijiya da ruwan da aka ɗebo daga cikinta.

Abin ya iso maƙwabta

A 2014 wani ɗalibi mai suna Segun Oyeyiola, a jami'ar Ile-Ife ta kudancin Najeriya, ya mayar da tsohuwar Volkswagen mai kamar kunkuru ta koma ta batir, da pano a kan rufinta. Shi ma aikin sha'awa ne, da kuɗin aljihunsa.

A Maiduguri abin ya wuce sha'awa ya zama sana'a. Wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya bar karatun jami'a ya kafa wurin aikinsa. Ya riƙa cire inji daga ƙananan bas na haya yana sa musu batir. A 2022 yana da irin waɗannan bas 10 suna ɗaukar fasinja cikin gari, kowace tana yin wajen kilomita 100 kafin a sake cika ta, kuma da hasken rana ake cajinsu. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗin litir suka ninka kusan sau 3. Mutanen bakin iyaka sun ji wannan a jikinsu. Mai bas ɗin da ba ta shan mai bai shiga layin gidan mai ba.

A lura da irin motar da ya zaɓa. Ba ta doguwar tafiya ba ce. Ƙarama ce, tana zagaya gari a hanya ɗaya, tana kwana wuri ɗaya. Nan ne batir ya fi tankin mai.

Hatsarin da ke ciki

Batir ɗaya mai bolt 12 ba ya kama mutum. Amma in aka jera 10 bi da bi, sun zama bolt 120. Wannan yana kisa. Duk abin da ya wuce bolt 60 abin tsoro ne. Batir na motocin kamfani yana kai bolt 300 zuwa 400.

Sifana in ta faɗa tsakanin kan batir biyu, tana yin ja ta narke nan take. Saboda haka mai aikin yana cire zobe da agogo, yana naɗe hannun sifana da roba, yana sa safar hannu. Ruwan batir na dalma yana cin fata, yana makantar da ido. In ana cajinsa yana fitar da wata iska mai kama wuta, don haka ba a yi cikin rufaffen ɗaki, ba a shan taba kusa da shi. Batir na lityom kuwa in ya huje ko ya yi zafi fiye da kima yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ba a ajiye shi kusa da rumbu ko danni.

Birki ma yana da magana. A motoci da yawa injin ne ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki. In an cire inji ba a sa ƙaramin famfo a madadinsa ba, birki zai yi tauri kamar dutse, ga kuma ƙarin nauyin buhu 3. Dole a ɗaure batura da ƙarfe, ƙasa-ƙasa, kada su faɗo kan mutane in an yi karo.

Abu na ƙarshe ya shafi makiyaya da iyayen yara. Wannan mota ba ta da ƙara. Yaro da akuya ba sa jin zuwanta. Direbanta sai ya rage gudu cikin gari da wurin garke, hannunsa na kan oda.

Takardun mota

A Faransa, sai a watan Maris na 2020 doka ta buɗe hanyar wannan aiki. Ta ce motar ta wuce shekara 5, kuma garajin da aka yarda da shi ne kaɗai zai yi canjin, da kayan da hukuma ta gwada. Ke nan a can mai sha'awa ba ya yi da hannunsa ya hau hanya. A Amurka da Kanada yana iya yi, sa'an nan ya bi ƙa'idar jiharsu wajen takardu.

Takardar mota, wadda direbobi ke kira kart-giris, tana faɗin irin man da motar ke sha. In an canza inji, motar ta saɓa da takardarta. Mai hankali yana zuwa ofishin sufuri da wurin masu asiransi ya yi tambaya tun kafin ya kwance ƙusa ɗaya.

Wa abin zai amfana?

Ba kowa ba. Mai zuwa kasuwannin nesa ta hanyar rairayi, tsohon injinsa ya fi masa, ko amalanken shanunsa. Wanda abin zai yi wa rana shi ne mai gajeren zango na kullum: mai kai kayan lambu gari da safe, mai ɗaukar madara, mai adaidaita, ƙungiyar manoma mai rumfa da pano. Samari masu gyaran babur da masu haɗa pano, su ne suka fi kusa da wannan ilimi. Hikima ita ce a fara da ƙaramin abu, keke ko adaidaita mai batir 4, bolt 48. Kuɗinsa kaɗan, hatsarinsa kaɗan, darasinsa ɗaya da na mota.

In wani ya zo ya ce zai mayar da motar mutum ta lantarki, a yi masa tambaya 4. Batir wane iri ne, sabo ko tsoho? Kilowat nawa yake ɗauka? Ina za a riƙa cajinsa, awa nawa? In ya mutu, nawa ne sabo, kuma ina ake sayensa? A rubuta amsoshin a takarda. A raba kilowat ɗin da 15, a ninka da 100, nisan motar ya fito, in na dalma ne a ɗauki rabi. Wanda ya ba da amsa dalla-dalla, a zauna da shi. Wanda ya ce kada a damu, a riƙe kuɗi.